Sitacin Malam Manjo

Wani ɓangare na labarin nan ya zube mini a hanya. Ban tuna shekarar ba, ban kuma tuna wanda ya fara ba ni shi ba. Ainihin sunan mutumin ma ya ɓace mini, amma wannan ba babbar asara ba ce, don ko matarsa Malam Manjo take ce masa. Abin da na tabbata shi ne da zafi aka yi abin, saboda gumi yana da aiki a ciki.

Malam Manjo bai taɓa shiga soja ba. Ya dai taɓa zaman haya a bayan bariki, yana jiyo fareti ta kan katanga, kuma daga can ya ɗauko tafiyar ƙirji a gaba, hannu na lilo. Malamin motsa jiki ne a wata firamare ta unguwa, shi ne kuma ke tsayawa bakin ƙofa da safe yana duba farce da maɓalli. In ya soma da “lokacin da muke bariki”, sai kowane malami ya tuna yana da aji.

Ana nan sai mataimakin hedimasta ya yi ritaya, ya bar ofis da fanka da wata kujerar katako mai hannu. Hedimasta, wani dattijo mai sanyin magana wanda ya gaji da gardama tun kafin a haifi rabin malamansa, ya tara su ya ce Sufeton makarantu zai zo mako mai zuwa, kuma in ya tafi za a faɗi sabon mataimaki.

Malam Manjo ya waiga ya dubi Malamar lissafi. Tana ɓare lemo, ko kai ba ta ɗaga ba. Nan take ya gane cewa wannan ɓare lemon shiri ne, kuma ita ce abokiyar karawarsa.

“Ranka ya daɗe,” ya ce, “Sufeto ba zai buɗe kan yaro ya ga lissafi ba. Riga zai gani. A bar mini kayan makaranta, in yaran nan ba su fito kamar an zare su daga kwali ba, a daina ce mini Manjo.”

“To me za mu riƙa ce maka?” in ji Malamar lissafi.

“Ba za a kai ga haka ba, Malama.”

Washegari ya kafa doka a filin taro. Farar riga da shuɗin wando ga maza, shuɗiyar doguwar riga da farin ɗankwali ga mata, wannan dama kowa ya sani. Sabon abin shi ne sitaci. Ya ce daga yau rigar da ba ta iya tsayawa da kanta ba za ta shigo makarantar ba. Kashegari kuwa ya kori kusan rabin yaran daga bakin ƙofa, kuma kafin a buga ƙararrawa iyaye mata sun iso, wasu da kumfar wanki a hannu.

“Malam, me rigar ɗana ta yi?” in ji wata.

Ya kama wuyan rigar da yatsa biyu, ya saki, ta langaɓe. “Kin gani? Ba ta da tarbiyya. A bariki, in ka cire riga ka ajiye, tsayawa take ta jira ka.”

“To in ta iya tsayawa, ta riƙa zuwa makarantar ita kaɗai mana, yaron ya zauna ya taya ni aiki.”

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce ita sitacin da ta sa ya isa, in ta ƙara sai dai ta kai wa kafinta ya sa mata ƙofa. Malam Manjo ya ga ana neman kwance masa zani a gaban yara, sai ya ɗaga hannu.

“Ba laifinku ba ne, ba a koya muku ba. Kowane yaro ya kawo kayansa, ni zan sa musu sitaci da hannuna, a gidana, ku ga yadda ake yi.”

Matan suka dubi juna. Ba su taɓa jin namijin da ya roƙi wankin unguwa guda ba. Kafin azahar kayan sun taru a ƙofar ajinsa kamar tsauni, har da wadda ta cusa zanin gado a ciki, ko Allah zai sa ya wuce. Hedimasta ya yarda yara su zo da kayan gida har ranar, don yarda ta fi masa sauƙi.

Matar Malam Manjo ta dawo daga kasuwa ta tarar da babbar tukunyarta a tsakar gida bisa wuta, da bahon wankan yara, da wasu tukwane na maƙwabta, mijinta kuma ya naɗe hannun riga yana juya farin abu da muciya.

“Malam Manjo, tukunyata ce wannan?”

“Yau ta shiga aikin hukuma.”

“Ta riga ka samun ƙarin girma ke nan.”

Ya tsoma riga ɗaya, ya shanya, ta bushe, ya tsayar da ita a ƙasa. Ta ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ta durƙusa. Ya ce sitacin kasuwa na farar hula ne. Ya fita, ya dawo da ƙullin ƙaro daga wurin mai kayan koli, ya jiƙa, ya juye. Ni na san ƙaro tun ina ɗalibi, muna ɗan jefa shi a tawada don ta kama takarda, kuma ɗan ƙwaya ɗaya muke sawa. Shi da kwano ya auna.

Sai ya tuna da wani kurtu da ya taɓa gaya masa ta kan katanga cewa sirrin ƙyallin kayan hafsoshi sukari ne. Ina zaton kurtun yana cikin nishaɗi ranar. Malam Manjo ya shiga ɗaki ya ɗauko gwangwanin sukarin gidan.

“Wannan kuma na shayin safe ne,” in ji matar.

“Matar mataimakin hedimasta ba za ta rasa sukari ba.”

“Ita na ji. Ni fa?”

Ya tsoma kayan duka. Na mata ya shanya a igiyoyin cikin gida, na maza da suka rasa wuri ya jera su a kan katangar da ta raba shi da Iya, tsohuwar maƙwabciyarsa mai kiwon awaki, ƙafafun wanduna na reto ta ɓangarenta. Ya koma inuwa ya kishingiɗa yana shirya jawabin da zai yi ranar da za a ba shi ofis. Yana cikin gode wa Hedimasta bisa hangen nesansa sai ya ga wani wando ya zame daga katanga a hankali, kamar ana jan sa. Na kusa da shi ma ya bi.

Ya leƙa. Awakin Iya sun yi sahu a gindin katanga, sun miƙe a kan ƙafafun baya, kowace da ƙafar wando a baki, suna tauna ido a lumshe.

“Iya, awakinki sun ci kayan hukuma.”

Iya ta fito tana gyara ɗaurin zani. “To ka kai su ƙara, ɗan nan.”

“Ba wasa nake ba. Wandunan Sufeto ne.”

“Sufeton nan ƙafa nawa gare shi? Ni ban aike su ba, ƙamshi ya kira su. Ka dafa, ka sa zaƙi, ka miƙo musu ta katanga. Me kake so su yi, su yi maka guga?”

Ya kwashe wandunan ya baje a tsakar gida. Wani an ci masa baki, wani an kai ƙwauri, wani ƙafa ɗaya ce ta sha wuya ɗayar tana nan lafiya. Matar ta ce a kai wa tela ya ga abin da zai iya. Malam Manjo ya ce tela bai san tsari ba. Soja ba ya son bambanci, saboda haka duk wandunan za a daidaita su da wanda aka fi ci.

Almakashin matar ya ciji wando ɗaya ya ƙi gaba, don kayan sun riga sun bushe sun zama kamar fatar ganga. Ya aro almakashin yankan kwano wurin mai gyaran rufi. Ya yanke su duka a ƙwauri, ya jera, ya ja da baya yana sha'awar aikinsa, sai ya hango wani a bayan randa da awaki suka kai wa gwiwa. Ya sake bi ta kansu.

“Dogon wando aka kawo maka,” in ji matar.

“Gajere ya fi dacewa da fareti. Da ma ina da niyya.”

Rigunan mata sun tsira daga awaki, amma tururuwa ta same su, har shuɗin ya koma baƙi-baƙi yana motsi. Ya kakkaɓe su da tsintsiya, ya hura gawayi a dutsen guga. Da ya ɗora dutsen a kan rigar farko sai ya kama, ya ƙi tashi, wani ƙamshin alewa ya gauraye layin. Wanzamin da ke ƙofar gida ya yi sallama ya leƙo.

“Manjo, ashe sana'a aka buɗe ba a gaya mana ba? A ajiye mini na ɗanɗano.”

“Aikin gwamnati ne, ba na ci ba.”

“Ai na ji awakin Iya sun ce da daɗi.”

Guga dai ta gagara. Ya yayyafa wa kayan ruwa, ya jera su ɗaya bayan ɗaya a ƙasa, ya ɗora musu katakai, ya sa 'ya'yansa suka yi ta tsalle a kai. Da suka bushe suka fito sumul, a miƙe, suna ƙyalli, gaba ya manne da baya. Ya ɗauki riga ɗaya ya tsayar a tsakar gida. Ta tsaya. Ya zagaya ta, ya tura ta da yatsa, ta faɗi gaba ɗaya da ƙara kamar faranti.

“Kin gani?” ya ce. “Ko faɗuwarta ta soja ce.”

Nasa kakin kuwa sau biyu ya tsoma shi, don shugaba ya kamata ya fi mabiya.

Ranar zuwan Sufeto ya turo kayan a baro, an jera su kamar allunan gini. Sai a lokacin ya tuna bai sa wa ko ɗaya alama ba. Bai nuna ya tuna ba. Ya jera yaran, ya riƙa miƙa wa kowa abin da hannunsa ya kai.

“Malam, wannan ba tawa ba ce,” in ji wata yarinya, tana riƙe da rigar da ta fi ta tsawo.

“A bariki ba a cewa tawa.”

“Malam, tawa ba ta da ƙofa.”

“Ku sa rula ku buɗe.”

Aka yi ta zura rula ana ɓamɓare riguna, ƙara na tashi kamar ana yaga kwali. Wanda ya samu ya shiga, hannayensa sai su tsaya a buɗe kamar na kazar da ke shan iska. Ba mai iya sosa kai, ba mai iya waiwaye sai ya juyo gaba ɗaya. Malam Manjo da kansa tafiya yake ba ya lanƙwasa gwiwa.

Amma gaskiya ɗaya ce, kuma ba zan hana shi ita ba. Da suka yi sahu a fili da sanyin safiya, fari na walƙiya, shuɗi na ƙyalli, ba wanda ke motsi, makarantar ba ta taɓa yin kyau haka ba. Hedimasta ya cire tabarau ya goge ya mayar.

“Malam Manjo, ka yi aiki.”

“Kaɗan ka gani, ranka ya daɗe.”

“Sun yi kyau, Malam,” in ji Malamar lissafi. “Suna iya numfashi?”

“Hassada ba ta kamace ki ba, Malama.”

Da Sufeto ya zo a lokacin, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma Sufeto bai zo ba. Rana ta ɗaga, ta tsaya a kan filin, yara suka fara gumi. Ƙuda ya iso, ƙudan zuma suka biyo baya, suna shawagi bisa sahu. 'Yan aji ɗaya suka gano cewa wuyan rigarsu na da zaƙi, suka duƙar da kai suna tsotsa. Wani da nasa ya ƙare ya koma lasar kafaɗar na gabansa.

“Kai, me kake yi?”

“Malam, shi ma ya sha nawa.”

Hedimasta ya ce a shigar da su aji su zauna kafin wani ya faɗi. Malam Manjo ya so ya yi gardama, amma ya ga gumi ya tausasa kayan, yaran sun zauna a bencina ba tare da wahala ba, sai ya mai da abin nasara. Ya ce haka sitacin ƙwarai yake, sai ya san mai shi sannan ya saki jiki.

Shi ma gumin ya jiƙa shi sharkaf. Yana wucewa ta baranda ya ga ofishin mataimaki a buɗe, fanka na juyawa, kujerar katako na kallonsa. Ya duba hagu da dama. Ya ce a ransa ba laifi mutum ya gwada takalmi kafin ya saya. Ya shiga ya zauna, ya jingina, ya ɗora hannaye a kan hannayen kujerar. Fankar ta yi ta busar da shi. Ya yi tunanin inda zai sa tuta, da irin muryar da zai riƙa cewa “shigo” da ita, da yadda zai yafe wa Malamar lissafi a bainar jama'a.

Sai aka ji hon a bakin ƙofa.

Ya miƙe, kujerar ta miƙe tare da shi. Ya koma ya zauna, ya sake miƙewa da ƙarfi, ta sake biyo shi. Wando ya kama, bayan riga ya kama, hannun hagu ma ya kama. Na dama ne kawai ya ɓalle, ya bar zare a katako. Ya jiyo Hedimasta na tambaya ina Malam Manjo, mai wannan aiki, Sufeto zai so ya gan shi.

Ya fito a duƙe, kujera a baya kamar kunkuru, ya bi ta gefen bango har ƙofar babban aji. Da ya ga sun ɓullo ta kwana sai ya dire ƙafafun kujerar a baranda, ya zauna daram, ya sara da hannun dama.

Sufeto ɗan guntun mutum ne mai furfura, mai kallon mutane ta saman tabarau. Ya tsaya ya dubi wanda ya sara masa daga zaune.

“Wannan ba shi da lafiya ne?”

“Lafiyarsa ƙalau, yallaɓai,” in ji Hedimasta. “Malam Manjo, ka tashi mana.”

“Sabon tsari ne, ranka ya daɗe. Kwamanda daga zaune yake ba da umarni, don ya ga ƙafafun kowa.”

“Wannan ba kujerar ofishin mataimaki ba ce?” in ji Hedimasta.

“Ina shanya ta ne.”

Ya ga Sufeto ya buɗe baki zai yi wata tambayar, ya ga abin da zai cece shi kawai a ga yaran. Ya juya wuya ta ƙofar ajin, ya cika ƙirji, ya ba da umarni da muryar da ake ji har titi.

“Aji, a miƙe!”

Yaran masu biyayya ne. Suka miƙe, bencina suka miƙe da su. A kowane benci dogayen da ke gefe suka ɗaga shi sama, gajerun da ke tsakiya suka tashi ƙafafu na reto, suna gaida Sufeto daga sama da murya ɗaya. Bencin baya ya karkata ya bugi na gabansa, wannan ya tura na gaba, sahu guda ya tafi a karkace har allo kamar masu ɗaukar gado. Azuzuwan da ke kusa sun ji umarnin, su ma suka bi. Ƙarar katako ta cika makarantar.

Wata 'yar ƙarama da ke lilo a tsakiyar bencin gaba ta fara kuka. Sufeto, mutumin kirki, ya matsa ya dafa kafaɗarta yana cewa ta yi shiru. Ta yi shiru. Ya zo ɗauke hannu, hannu ya ƙi.

Ya tsaya haka, tafi a kafaɗar yarinya, ya juyo ya dubi Hedimasta ta saman tabarau. Da ya samu ya ɓamɓare hannun, ya shinshina, ya ɗan taɓa da harshe.

“Wa ya sa wa ɗalibai sukari?”

Kowa dai ya juya ya dubi baranda, inda Malam Manjo ke ƙoƙarin sulalewa a duƙe, ƙafafun kujera huɗu na nuna Sufeto.

Aka aika unguwa. Iyaye mata suka zo da bokitai da butocin ruwan ɗumi, suna jiƙa bencina suna ɓamɓaro 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fara yi masa magana a bakin ƙofa ta tsaya a gabansa riƙe da ɗanta.

“Malam, dogon wando na ba ka. Ina sauran?”

“Ana bincike.”

Matarsa ta iso da tata butar. Ta zagaya shi, ta zuba ruwa, ta ja. Tsomi biyu ba wasa ba ne, ko gezau.

“Malam Manjo, ko in kira kafinta?”

“Kujerar ta makaranta ce,” in ji Sufeto. “Kada a taɓa ta. Wandon fa na wa ne?”

Wandon nasa ne, rigar ma tasa ce. Aka sa labule, aka sake aro almakashin mai gyaran rufi. Malam Manjo ya koma gida ɗaure da mayafin teburin Hedimasta, ƙirji a gaba, hannu na lilo, yaran unguwa na binsa a sahu. Da wanzami ya tambaye shi yadda aka ƙare, ya ce Sufeto da bakinsa ya faɗa, duk yawonsa bai taɓa ganin makaranta irin wannan ba.

Malamar lissafi aka roƙa ta zama mataimakiya. Ban tuna ko ta sa an kankare kujerar ko wata ta kawo daga gida ba.

Abu ɗaya ne na bi na tabbatar. Bayan Hedimasta ya yi ritaya na same shi a ƙofar gidansa, na tambaye shi ko Malam Manjo ya taɓa zama cikin lissafinsa. Ya ce tun kafin ya tara malamai ya fara yi wa Malamar tayi, ta ce ba ta so, aikin ya cika zama. Sauran ma kowa ya zame. Malam Manjo kaɗai ya rage, kuma Sufeto ya riga ya amince da shi tun kafin ya taso. Ranar nan ya zo ne kawai ya ga fuskarsa, ya yi masa murna.